Sirdin Tela

Rigimar da Mai Walda ya fi jin haushin shan kaye a cikinta, da makaho ya yi ta, a tsakiyar tudu. Suna kan keken nan nasa mai sirdi biyu, shi a gaba, amininsa Tela a baya. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, sai ya ja birki ya rantse cewa Tela ba ya taka feda, zama kawai yake yi kamar buhun siminti. Tela ya gyara baƙin tabarau, ya tambaye shi da wane idon ya gani, na ƙeya?

Mai Walda ya koma gida yana huci, ya ɓalle madubin wani mataccen babur ya ɗaura a kan keken. Asabar ta zagayo, suka kama tudu, ya leƙa madubi: ga gwiwoyin Tela suna hawa suna sauka tsaf. To da ma fa? Shi da hannunsa ya haɗa fedar gaba da ta baya da sarƙa ɗaya. Ko gawa ka ɗaura a wurin, ƙafarta sai ta juya.

"Ni da ba na gani ban zarge ka da komai ba," in ji Tela. "Kai mai ido biyu da madubi, kawo shaida."

Shekara tara bai kawo ba, bai kuma daina mita ba.

Shi Mai Walda irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce ƙusa a ƙasa. Marigayiya matarsa takan ce ba ta daɗewa a zaune wuri ɗaya, don kada ya liƙa ta a jikin wani abu. Shekara arba'in yana ƙera wa mutane ƙofofi da tagogi, shagon Tela na jikin nasa, kullum suna cacar baki a kan tartsatsin da ke huda yadin mutane. Da bayansa ya fara ciwo, ya sakar wa babban ɗansa shagon. A shekarar ne idon Tela ya dushe, ya koma zaman ɗaki, ko zagi ya daina iyawa. Wannan shi ne abin da Mai Walda ya kasa jurewa. Ya samo kekuna biyu da suka gama yayi, ya yanke gaban ɗaya da bayan ɗaya, ya haɗa su, ya je ya buga wa Tela ƙararrawa a bakin ƙofa.

Daga nan hannu ya buɗe. Gwangwanin madara ya zama mazaunin kofi. Bututun roba biyu a gefe suka riƙe sandunan kamun kifi. Ƙafafun wata tsohuwar kujerar makaranta suka zama kujeru biyu masu naɗewa. Tela kuwa da lalube ya ɗinke musu rumfa daga lemomi uku da iska ta karya, ɗinkin ya karkace kamar hanyar maye, amma ruwa bai taɓa ratsa ta ba. Sirdinsa na baya shi ya cusa masa soson katifa, ya ce shi ba zai zauna a kan ƙarfe ba don abokinsa maƙeri ne. Duk Asabar da hantsi sai bakin tafki. Kifayen wurin ba su taɓa samun maƙwabta masu zaman lafiya irinsu ba.

A hanya Mai Walda ne idon. Rami, in ji shi, Tela ya ɗaga jiki. Kwana, Tela ya kwanta hagu. In ya ce ga wata mai jan mayafi za ta wuce, sai Tela ya ce a rage gudu.

Sai aka yi wa 'yar Tela canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ta ce ba za ta bar mahaifinta ba. Gaskiyarta ce, ba mai cewa komai. A bakin mota tsofaffin biyu ba su iya sallamar kirki ba. Mai Walda ya ce yanzu ne zai huta da dakon kaya, Tela ya ce Allah ya ƙara nauyi.

Asabar ta farko ya fito shi kaɗai, yana jiran ya haye tudun nan kamar tsuntsu. Ko rabi bai kai ba cinyoyinsa suka mutu. Ya duba birki, ya duba iskar taya, ya ɗiga wa sarƙa mai. Lafiyarsu ƙalau. Ya tsaya riƙe da keken a gefen titi ya daɗe yana kallon sirdin baya. Ashe duk shekarun nan makahon nan shi ke tura su, yana shan zagi yana dariya a ciki.

Ya kira waya don ya faɗa masa. 'Yar ce ta ɗauka ta ƙara sauti, saboda kunnen Tela ma ya fara nauyi. Mai Walda ya buɗe baki, ya tuna yarinya na saurare, sai ya tambayi ko ana ruwa a can. Sau huɗu yana kira, sau huɗu ana ruwa. Ya yanke wa ransa cewa magana irin wannan a kan keke ake yin ta, mutum na gaba ɗaya na baya, ba mai kallon fuskar wani.

Bai fasa fita ba. Yana tura keken a tudu, yana hawa a gangare, fedar baya na juyawa ba ƙafa a kanta. Bakinsa bai san an tafi ba, har yanzu yakan ce rami, yakan ce kwana. Masu shaguna suna taɓa juna. A bakin tafki yakan kafa rumfa, ya buɗe kujera ɗaya, ɗayar ya bar ta a ɗaure.

Ranar da gwiwarsa ta kumbura kamar tulu, sai ga babban ɗan da injin yankan ƙarfe, tumbi na gaba yana biye. Wannan ɗan, in zai sayo burodi a ƙarshen layi sai ya tada mota. Ya ce minti goma ya ishe shi ya cire rabin baya, keke ya koma na mutum ɗaya, mara nauyi, ya ma shiga ɗaki a daina barinsa a rana. Uban ya ce a'a. Ɗan ya kawo maganar likita, ya kawo maganar masu shaguna da ke cewa tsoho ya fara magana shi kaɗai. Da ya ga ba ta ci ba, sai ya sassauta murya ya durƙusa.

"Baba, tsakani da Allah, Baba Tela ba dawowa zai yi ba. Wa zai zauna a nan?"

Mai Walda ya kalli tumbin, ya kalli injin, ya ɗora tafinsa a kan soson da ya lotsa daidai zaman mutum ɗaya.

"Abu biyu ake yi da sirdin nan," in ji shi. "Ko ka hau ka taka, ko ka bar wa mai shi kayansa."