Enos da San da Ya 'Yanta

Gyara zama, Lavinia, ki tsoma alƙalamin nan. Yadda na faɗa haka za ki rubuta, jikata ce ke, ba malamata ba. Idan na yi zagi ki sa zagin.

Enos Wilmarth mijin yayata Keziah ne. A garin nan aka haife shi, a nan ya mutu, iyakar tafiyarsa Boston sau biyu. Manomi ne kamar kowa: masara, dankali, tuffa, sai duwatsu, don gonakin Massachusetts abin da suka fi haifa ke nan. Abin da ya raba shi da mutane fuskarsa ce. Tun yana yaro a murtuke take, kamar wanda ya kurɓi ruɓaɓɓiyar madara aka hana shi tofarwa. Ba mugu ba ne. Cewa yake akwai wani rami a ƙirjinsa, kome ya zuba ba ya cika. Ya sauya coci sau biyu. Ya bar giyar tuffa, ya dawo mata, ya sake bari. Akwai shekarar da ya riƙa wanka da ruwan rijiya tsakiyar hunturu wai ruhinsa ya farka. Tari ne ya farka.

Sa ɗaya gare shi, ni ma ɗaya, sai mu haɗa su a karkiya guda, yau gonarsa gobe tawa. Nasa sunansa Dikin, saboda irin kallon da yake wa mutum, sak na dattijon coci da ya kama ka kana gyangyaɗi.

To, hunturun 1843 aka kawo wani mai lacca zauren gari, Mista Penhallow, tsohon fasto ne da ya ajiye aikin, gashi har kafaɗa. Yana cikin mutanen nan masu suna mai tsawo kamar igiyar rijiya. Mu dai 'yan tsallake muke ce musu, don sun ce sun tsallake abin da ido ke gani. Ya ce Ubangiji ba a cikin ginin coci yake ba, yana cikin ƙirjin kowa. Ya ce rai guda ne babba ya ratsa mutum da itace da tsuntsu da ƙoramar bayan gari. Ya ce farin cikin da ba ya gushewa ba a saye shi, ba a gadonsa, sai ka yi shiru ka saurari muryar cikinka, abin da ta ce ka yi shi ko duk gari sun ce a'a.

Ni na saurari cikina, wake da naman alade yake nema. Amma Enos ya fito bakinsa a buɗe.

Farko abin bai dami kowa ba. Ya daina zuwa coci, ran Lahadi sai ya tafi daji ya tsaya gaban wani itace kamar mai jiran amsa. Har kaka ta zo, muka gama kwashe amfani. Wata safiya na tarar da shi ya cire wa Dikin igiya yana kora shi bakin daji.

Na ce, "Kai Enos, lafiya?"

Ya ce, "Jabez, ran da ke cikina shi ne a cikinsa. Da wace fuska zan mallaki ɗan'uwana? Na 'yanta shi."

Na ce, "Ɗan'uwan naka ne rabin garmata. Da bazara kai za ka shiga karkiyar?"

Ko kallona bai yi ba. Dikin kuwa ya shiga daji, ya duba, bai ga abin burgewa ba, kafin azahar yana ƙofar garke. Aka sake kora shi, ya sake dawowa. A na uku Enos ya rufe garken da sakata. Sai Dikin ya yi amfani da 'yancinsa yadda ya fahimce shi: ya nufi lambun faston da Enos ya guje wa, ya cinye kabeji talatin da ɗaya. Fasto da kansa ya jawo shi, yana ta murmushin da bai dace da mai addini ba.

Wurina ya kawo shi, don a shekarar ni gari ya zaɓa mai tsaron shingen kamu. Kin san kangon duwatsun nan na bayan maƙera? Shi ne. Duk dabbar da ta yi ɓarna nan ake kulle ta. Dokar garinmu kuwa ba wuya: mai dabba ya zo gaban shaidu biyu, ya ɗora hannu a kanta, ya ce tawa ce, ya tafi da abarsa. In kwana sha huɗu suka cika ba wanda ya faɗa, a yi gwanjonta. Kuma ana dab da hunturu ba mai sayen tsohon sa ya ci masa ciyawa sai mutum ɗaya, Jotham mahauci.

Keziah ta zo ta ce ita za ta faɗa. Aka ce matar aure ba ta da dukiya a doka, sai mijinta. Ta ce, "To shi mijin ya ce ba shi da ita, ni an ce ba ni da ita, san na uban wa ne?" Ni kuma na yi rantsuwar aiki, ba ni da ikon saye, ba ni da ikon saki.

Kullum Enos sai ya zo da tuffa a aljihu, ya hau katanga, ya zuba wa Dikin ido.

Ya ce, "Dubi idonsa, Jabez. Ba jiya, ba gobe. Abin da nake nema ke nan shekara arba'in."

Na ce, "Goben ce ba shi da ita in ka ci gaba da wannan hauka. Kalma biyu ce fa, mijin yaya. Na-wa ne. Ko ni da ban san baƙi ba na iya su."

"In na faɗa na ƙaryata muryar cikina."

"Muryar cikin naka ta taɓa ganin wuƙar Jotham?"

Ya rubuta wa Mista Penhallow takarda yana neman shawara. Amsa ta zo kwana na tara, shafi huɗu. Keziah ta karanta min. Akwai taurari a ciki, akwai raɓa, akwai fitowar rana. Babu sa. Na tuna wa Enos cewa mutumin nan a keken doki ya zo garinmu, da takalmin fata har gwiwa, fatar kuma ba a itace ta tsiro ba. Ya ce ni ba na ganin abin da ke bayan abu.

Ran Lahadi, muna coci, ya lallaɓa ya buɗe ƙofar shingen don ɗan'uwansa ya gudu. Muka fito muka tarar da ƙofa a wangale, Enos na ja, yana turi, yana roƙo, Dikin na kwance yana tuƙa. Ina zai je? Ga ciyawa, ga ruwa, ba aiki. Duk garin nan ba wanda ya sami farin ciki mai ɗorewa kamarsa, saura kwana uku a yanka shi.

Ranar gwanjo kowa ya zo, har da waɗanda ba su da akuya. Jotham ya shiga yana latsa haƙarƙarin Dikin da yatsa. Ya ce, "Ya tsufa, amma gishiri zai gyara shi. Enos, in ajiye maka wutsiya? Ko cin ɗan'uwa haramun ne?"

Aka kwashe da dariya. Keziah ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, shekara goma sha ɗaya san nan yana ciyar da kai. Ka saurari duk muryar da ka ga dama, ni dai ina kallonka."

Enos ya rufe ido, wai yana saurare. Na ɗaga gudumar gwanjo. Jotham ya warware igiyarsa ya nufi wuyan sa. Sai Dikin ya kauce masa, ya taka a hankali har gaban Enos, ya sunkuyar da wuya, ya tsaya cik, yadda yake yi kowace safiya in za a ɗora masa karkiya.

Enos ya buɗe ido. Ya ɗora hannu a wuyan nan da ya yi kanta, ya motsa baki.

Na ce, "Shaidu ba su ji ba."

Ya ce, "Nawa ne."

Fasto ya ce shi ma kunnensa ya yi nauyi.

"Nawa ne! Nawa ne, ku tafi gidajenku, 'yan banza!"

Da muke komawa, shi da igiya, ni a gefe, na ce, "To, me muryar ta ce maka?"

Ya ce, "Cewa ta yi, kai wawa." Sai ya fashe da dariya. Ran nan na fara ganin haƙoransa, ashe ma ba su cika ba.

Bai koma coci ba, bai kuma daina zuwa wurin itacensa ba. Abin da ya ƙaru, kowace safiya sai ya nemi izinin Dikin kafin ya ɗora masa karkiya, ni ina tsaye da nawa san ina jira su gama shawara. Shekara shida Dikin ya ƙara, tsufa ya kashe shi. Enos ya hana a feɗe, ya ce binnewa za a yi. Kwana biyu muna haƙa a ƙasar nan mai duwatsu, bayana bai sake miƙewa daidai ba.

Da shi ma ciwon ajali ya kwantar da shi na je dubiya. Na ce, "Enos, ramin nan ya cika kuwa?"

Ya ce, "Ina fa. Amma lokacin Dikin, da safe in ya miƙo wuya, nakan manta da shi kamar na kwata na awa."

Na ce, "Kwata kawai?"

Ya ce, "Kullum fa, Jabez. Shekara shida."

Sa aya a nan. Kada ki ƙara masa taurari, ya sha su a takardar Penhallow.