Tallan Nonon Ramatu a Gaban Jami'ar Duba Malamai

Ku da kuka fara koyarwa bana, akwai wata Talata da har yau ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a wata sakandaren 'yan mata a yankin Kabo, ina koyar da Hausa, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba. Ƙa'ida ita ce sai jami'in duba malamai ya zauna a ajinka, ya ga darasi, ya rubuta rahoto. Rahoton nan shi ke tsayar da mutum ko ya kayar da shi.

Wadda aka turo daga ofishin shiyya wata Hajiya ce da malamai ke shakka, don ba ta dariya. Ta zauna a bencin baya da jakarta. Darasin ranar amsa-amo ne, wato yadda ƙarshen layukan waƙa ke faɗuwa da sauti iri ɗaya. Na cika allo da bayani, yara suka kwafe tsaf.

Sai Hajiya ta ɗaga biro. "Malam, a ba ni misali daga bakinsu."

Na kira uku daga masu ƙoƙari, kowacce ta maimaita abin da ke allo ta zauna.

Can sai Ramatu ta ɗaga hannu. 'Yar garin Dugabau ce, daga gidan masu shanu, kuma tun da aka shiga zangon ban ji muryarta ba.

"Malam, irin na tallan nono zai yi?"

Aka fashe da dariya. Ni kuwa ba ni da wata dabara, na ce ta faɗa. Ta miƙe, ta rera:

"Kindirmo ya kwana a ƙwarya,
Mai sanyi, ba ruwa, ba ƙarya,
Ku tsaya ku saya, masu bin hanya."

Na ce ta sake, sauran su riƙa buga benci a ƙarshen kowane layi. Kafin ta kai na uku wata ta yi ihu, "Malam, 'ya' ce ke dawowa!" Wata ta ce ita kuma ta ji 'ka' da 'ƙa' suna bin juna a layin farko. Daga nan hannuwa suka tashi: mai waƙar daka, mai ta raino, mai ta gaɗa. Aka buga ƙararrawa, ba wadda ta motsa.

Hajiya ta tambayi Ramatu wa ya tsara waƙar.

"Ni da kakata, Hajiya. Ita ta ce in layi bai faɗi daidai ba, mai saye ba ya waiwayowa."

Ranar na ga haƙoran Hajiya.

A ofishin shugabar makaranta Hajiya ta buɗe littafin tsara darasina, ta ce, "Rabin abin da ka yi babu shi a nan." Ta sa hannu, ta ƙara da cewa, "Wannan rabin ne ya cece ka. Gobe ka fara da shi."

Bayan 'yan watanni takardar tabbatarwata ta iso.

Abin da na koya shi ne yaran nan da waƙa a kunnensu suke zuwa mana, sunan abin kawai ba su sani ba. Tun daga ranar ban sake taɓa alli a darasin waƙa ba sai na fara tambaya, "Wa zai rera mana ta gidansu?"