Jakin Mahaifiyata

Ƙanen mahaifina ne ya raba ni da uwata, ya kuma bi gari yana cewa ta haukace. Shekarun baya ne sosai, amma ban manta ba, kuma ba na son in manta.

Da mahaifina ya rasu, jaki guda ya bar mana a ƙauyenmu, gefen Korahane. Wanda ya san rijiyoyin ƙasar Dakoro ya san zurfinsu ya fi ƙarfin hannu, sai an ɗaura wa dabba igiya ta ja. Ana gama zaman makoki baffan nan ya zo ya kwance jakin, wai zai ajiye mini har in girma.

Sai inna ta ɗaura igiyar a ƙugunta. Har yau in na rufe ido ina ganinta tana nisa da bakin rijiya, tana ƙanƙancewa cikin hasken rana, rairayi na rawa a ƙafafunta kamar ruwa. A wautata cewa nake yi wata rana za ta wuce da igiyar har inda sama ta taɓa ƙasa. Sai guga ya fito, ta juyo tana haki.

Bayanta ya fara ciwo, barci ya ƙaurace mata. Takan zauna gindin adua tana kallon turken da ba komai, tana magana a hankali kamar mai lallashin dabba. Wani lokaci tuwo ya ƙone tana zaune kusa da shi. Mata suka fara janye 'ya'yansu. Baffa ya ce aljannun rijiya ne suka shige ta, bai kamata yaro ya kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ya cire ni daga lakwal, makarantar boko, ya tura ni kiwo Tagriss. Ni kuwa sakarai har murna na yi, don zan hau raƙumi.

Da na kawo ƙarfi na dawo na kai ta likita. Ma'aikaciyar ta auna ta, ta ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ga ƙashin baya ya ci wuya, ga damuwar da ta daɗe ba mai tambayarta. Da magani da hutu sai ta soma barci, har daga baya ta riƙa yi mini dariyar furfurar da ta fara fito mini. Amma ba ta sake miƙewa sosai ba, kuma wani lokaci ta dube ni ta tambaya ko yaronta ya dawo daga daji.

Shi ya sa in na ga mace ita kaɗai da 'ya'ya tana surutu a hanya, ba na tambayar me ya shige ta. Tambayata me aka ɗauke mata.

Ranar da ta rasu baffa ya zo gaisuwa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce Allah ya ji ƙanta, ta huta da mutanen ɓoye. Na dube shi gaban jama'a na ce, "Baffa, aljani bai taɓa shiga gidanmu ba. Kai ka shigo, ka fita da jakinta. Ga ni na girma, ina yake?"