Rezar da aka sa muka saya kafin tiyata

Wata huɗu ban ce uffan a nan ba. Masu saƙon barka, na gani, ku yi haƙuri. Raina ne a ɓace, har yau kuma bai huce ba.

Tiyata aka yi mini aka ciro 'yata a wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, don ta zo a gicciye. Ana gobe aiki, nas ta miƙa wa mijina Bulus jerin kayan da zai sayo: auduga, safar hannu, da reza. Ta ce in aske marata tas. Da cikin wata tara, ni da ko ƙafata ba na gani! Haka na yi ta lalube a banɗaki, na yanke kaina wuri uku.

Kwana biyar da aiki, ɗinkin ya kumbura, ya fara fitar da ruwa mai wari. Zazzaɓi ya rufe ni. Na koma, aka ce wai ƙazantata ce. Ni da nake koya wa 'yan firamare wanke hannu a Palladan.

Sai da na yanke jiki na faɗi aka kwashe ni zuwa babban asibiti. Suka warware ɗinkin, suka kai mugunyar gwaji, wankin ciwo safe da yamma. Sati uku ina kwance, wallahi na ɗauka tafiya zan yi. Jaririyar tana Hanwa wurin surukata, ana ba ta madarar gwangwani.

Wata likita ce ta ga tabon yankan rezar ta tambaye ni. Da na faɗa mata, ta zauna ta yi mini bayani. Ashe masu bincike sukan tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi kan abu ɗaya a asibitoci daban-daban, su tace, su ajiye marasa inganci, su haɗa sakamakon sauran. An daɗe da yin haka kan aski kafin tiyata. Reza tana barin ƙananan raunuka da ƙwayoyin cuta ke shiga. Gara injin aski, ko a bar gashin.

"Ba zan rantse miki reza ce kaɗai ba," in ji ta, "amma bai kamata a sa ki ba."

Wato an sani! Ɗaliban jami'a a Samaru suna karanta shi a wayoyinsu. Tsakanin Samaru da Sabon Gari tafiyar minti nawa ce a keke napep, da ilimin ya kasa isowa?

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Bulus, da matan zumunta na cocinmu da suka yi ta kawo kunu. Ciwo ya rufe.

'Yan'uwa mata, in an ce ku yi wani abu kafin tiyata, ku tambayi dalili. Ɗinki ya yi ja ko ya fara ruwa, ku koma ranar, kada ku bari a kore ku da baƙar magana.

Ni dai kafin a sallame ni nonona ya ƙafe. Na sha duk abin da aka ce in sha, bai dawo ba. Jiya ma na sake gwada ba ta nonon, ta kawar da kai tana kuka, tana miƙa hannu wajen kwalbar da ke hannun kakarta.