Mai Lambun da Ba a San Fuskarsa Ba

Hannun Yamusa na dama ba ya dunƙulewa. Yatsu uku sun kafe a miƙe kamar ƙirare, in ka tambaye shi dalili sai ya ce maka aiki ne. Bai yi ƙarya ba, aikin ne ya jawo, sai dai ba adda ce ta sare shi ba.

Manomin doya ne ɗan Gbagyi, haifaffen wani ƙauye a bayan Jabi wanda yanzu ko sunansa babu. Yana saurayi aka turo katafila ta bi ta kan ɗakunansu da rumbunansu. Ubansa ya tare ta da fartanya, aka fasa masa baki da gindin bindiga a gaban iyalinsa. Tun daga ranar Yamusa ya koyi sunkuyar da kai. Ya sami 'yar gona can wajen gari, ya kuma kama aikin lambu a Maitama, gidan Hajiya Ikilima, 'yar kasuwar da rabin shekararta a jirgi take ƙarewa.

Gona tana son safiya, lambu ma yana son safiya, Yamusa kuwa mutum ɗaya ne, kullum a makare yake zuwa yana ba da haƙuri. Rannan Hajiya ta gaji ta ce masa, "Malam Yamusa, ni fa ba zamanka nake so ba, rizal nake so. Ka zo duk lokacin da ka ga dama. In ciyawa tana kore, shinge a aske, ni da kai babu rigima."

Bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Ya tsara ranarsa yadda babu inda take yoyo. Safiya ta gona ce. Addarsa da almakashinsa tun a gida yake wasa su. Maitama kuwa sai rana ta take, an kwashe yara da motoci, layi ya yi tsit, sannan zai shiga ta ƙaramar ƙofar baya da mukullinsa. Ba ya zaman bencin mai shayi, ba ya hirar ƙwallo da direbobi, gaisuwa ma ɓata lokaci ya ɗauke ta. Aikin da ake yini ana yi, shi kafin la'asar ya share ya tafi.

Da aikinsa ya yi kyau, Madam Felicity ta gidan da ke bayan na Hajiya ita ma ta ɗauke shi a kan wannan sharaɗin. Gidajen katanga ɗaya ce ta raba su, amma in ta titi za a bi sai an yi doguwar kewaya. Yamusa ya nemi izinin matan biyu, ya jingina tsani a katangar, yana gama nan ya haura can. Godfrey, tsohon maigadin Madam Felicity, shi yake riƙe masa tsanin ta ɗaya ɓarin yana masa tsiya, wai wata rana sai ya fara tashi sama don kada tafiya ta ci masa lokaci.

Sai 'yan fashi suka shiga wani gida a layin, suka ɗaure maigadi suka karya masa haƙarƙari. Masu gidaje suka tsorata. Madam Felicity ta sallami Godfrey saboda tsufa, ta ɗauko sabon maigadi, Nazir. Ta nuna masa janareta, ta nuna masa karnuka, ta manta da tsani.

Nazir yana zagayen bayan gida da tsakar rana ya ɗaga kai ya ga ƙato a kan katanga da adda tsirara a hannu. Bai tambaya ba. Ya kwaɗa masa kulki a ƙauri, Yamusa ya faɗo ta ka, ya ji haƙorinsa ya fashe a kan siminti. Nazir ya kama ƙafarsa ya ja shi har bakin get yana ihun ɓarawo.

Layin da yake tsit, kafin ka ce me, ya cika da mutane. Masu gadi, direbobi, leburorin ginin da ake yi a kwana, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi. Wani ya sauke masa gora a gadon baya. Wani ya sa takalmi ya take masa wuya. Ya ɗaga hannu zai kare kansa, wani lebura ya danne hannun a ƙasa ya sakar masa bulo a kai, Yamusa ya ji ƙasusuwan suna ruƙushewa.

"Ni ne mai lambu!" yake faɗa, jini yana cika masa baki. "Ku duba ciyawa, ni na yanke ta."

"Wa ya san shi a nan?" in ji wani direba.

Aka dubi juna. Shekara da shekaru suna wucewa ta gaban shingen nan suna yaba askinsa, amma babu wanda ya taɓa ganin mai askin. Aka kira Madam Felicity, wayarta a kashe. Aka kira Hajiya Ikilima ta bidiyo, aka ɗago mata fuskarsa da ta kumbura har ido ya ɓace. Ta ƙura ido daga can ƙasar da take, ta ce, "Wallahi na daɗe ban ga mai lambuna ba. Ba zan iya cewa shi ne ba." Wannan ta fi bulon yi masa ciwo.

An riga an rataya masa taya a wuya, wani ya tafi zuƙo fetur, sai Hansatu mai kawo wa leburori abinci ta kutso da kula a kanta. Ita ma Gbagyi ce, doyarsa take saye. Ta dire kular ta faɗa a kansa ta rungume shi.

"Wannan Yamusa ne, oga, mutuminmu ne! Wanda zai ƙone shi, sai ya ƙone ni tare."

Mutanen suka fara ja da baya ɗaya ɗaya. Wanda ya ɗauko bulo ya koma bakin aikinsa yana karkaɗe hannu. Nazir ya sauke kulkinsa.

Hajiya ta biya asibiti, ta kuma ce sharaɗinsu yana nan, ya zo lokacin da ya ga dama. Yamusa ya yi godiya. Gona ta gagare shi, fartanya ba ta zama a hannun. Almakashi ma sai da ya koyi matse shi da hagu, shingen yana fita a karkace.

Yanzu da sassafe yake zuwa, ta babban titi, lokacin da layin ya fi cika. Yana tsayawa a kowane get ya cire hula ya ɗaga fuskarsa, ya gaida maigadi, ba ya gusawa sai an amsa da sunansa. A get ɗin Madam Felicity ya fi daɗewa, don Nazir har yau ba ya iya kallonsa. Yamusa sai ya tsaya yana jira, rana tana dukan tabon da ke goshinsa, har Nazir ya ɗago kai ya ce, "Ina kwana, Baba Yamusa."