Jirgin da Yaya ya manne da ƙaro

Yayana ya yi shekara goma sha biyu yana wanke-wanke a jirgin ruwa na dakon kaya, can Abijan. Ya dawo garinmu Tawa da ciwon baya da jaka guda, alhali sa'o'insa har gidajen siminti sun gina. Inna ba ta taɓa yi masa gori ba, amma da ya fara labarin teku sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Wannan ya fi zagi ci masa rai.

Sai ya ce zai nuna mata jirgin ta gani da idonta. Ya samo itacen aduwa ya sassaƙa gindin jirgi, tsawon kamu ɗaya. Ya tsaga allunan akwatin shayi siri-siri, yana jiƙa su a ruwan zafi, yana ɗaure su a jikin turmi har su bushe a lanƙwashe. Da fasasshiyar kwalba yake kankare su. Ƙusa tana tsaga allon, don haka ya dama ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada, ya manne komai da shi. A garinmu abin da ƙaro ya kama ya kamu. Ni kuwa, malamar makaranta guda, mai koya wa yara abin da ruwa ke narkarwa, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini ba. Tsiya kawai nake masa, gemai-gemai da shi yana wasan yara.

Bayan wata huɗu ya cika babban baho da ruwa a tsakar gida, ya shimfiɗa wa Inna tabarma. Ya ɗora jirgin a kan ruwan, ya zauna daram. Yana nuna mata inda yake kwana, inda ake girki, sai allo ɗaya ya ɓalle, na biyu ya bi shi. Jirgi ya baje, guntaye suna yawo a bahon. Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa.

Inna ta tsamo allo ɗaya ta jujjuya shi.

"Ɗan nan, cikin irin wanga abu kake kwana?"

Na buɗe baki zan ce jirgin gasken na ƙarfe ne, Yaya ya taka mini ƙafa.

"I, Inna."

Ta kama wuyan hannunsa da jiƙaƙƙen hannunta, ta riƙe gam.

"Kuma ruwan ya bar mani kai. Zamna, hwaɗa mani yadda anka yi."