Geron da Hajiya ta hana ni kaiwa inji

Na ɗauko wani ƙullin gero a ɗakin kakata a Kiyawa zan kai inji, sai na ji ta riƙe min riga.

"Maigidana, ajiye! Iri ne."

Na yi dariya na ce, "Hajiya, ai iri ya cika kasuwa."

Ta ce, "Ban da wannan. Farkon zuwan Turawa an yi wata muguwar yunwa. Kakata ta ɗaure ɗan geron shuka a ƙugunta. 'Ya'yanta na kuka tana dafa musu tafasa, amma ta ƙi taɓa ko ƙwaya. Da ruwa ya sauka ta shuka, gidan ya farfaɗo. Duk damina ana sabunta shi, sai da babanka ya rasu. In bana ma ba a shuka ba, ya mutu."

Na mayar da ƙullin inda na ɗauko shi. Aikin ofis nake a Dutse, rabona da fartanya tun ina firamare.

Ranar Asabar na share gonar Baba. Hannuna duk ya yi bororo, Hajiya na zaune a inuwa tana min dariya. Rabon da in yi farin ciki haka na manta.

In Allah ya yarda, ba a hannuna irin nan zai ƙare ba.

Ku fa, me aka bar muku a gida da kuka kusa yin sakaci da shi?